Rani a Cikin Wayar Bappa Jalo

Bappa Jalo wan mahaifina ne, kuma duk Rumde babu wanda ya kai shi sanin saniya. Aikin allurar dabbobi ya yi a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, warin maganin kaska ya zauna masa a jiki, ko ranar Sallah ka matsa kusa da shi sai ka jiwo shi a ƙarƙashin turare. In ya hangi saniya daga nesa zai gaya maka ciwon da ke damunta, har da wanda zai kama ta baɗi. Mutane ne dai bai iya karantawa ba ko kaɗan. Kowa a wurinsa mutumin kirki ne, ko wanda ya tafi da takalminsa daga ƙofar masallaci cewa zai yi wataƙila kama suka yi da nasa.

Ni sunana Zulfa. Ina da 'yar rumfar POS a bakin layinsu, ƙarƙashin wata bishiyar dogon-yaro, mutane su zo su cire kuɗi ko in tura musu. Bappa ne ya saya mini na'urar bayan rasuwar mahaifina, shi ya biya kafinta, shi ya tsaya a rana har aka buga kwanon rumfar. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada a ce me ya hana ni rufe masa ido tun ranar farko.

Mu mutanen cikin garin Yola ne. Mun daɗe da zama 'yan birni, kakanninmu malamai ne da ma'aikata, amma har yau gidan da babu ko saniya ɗaya a wani wuri ji yake kamar a tsirara yake. Ranar sunan yaro uba kan ware masa 'yar maraƙa, ita da duk abin da za ta haifa nasa ne. Akwai kuma wata al'ada da Bappa ya fi so fiye da komai, wadda muke kira haɓɓanaye. In mutum ya rasa shanu, sai abokinsa ya ɗaura masa karsana aro. Za ta zauna a hannunsa har ta haihu a yaye ɗan, ɗan ya zama nasa, uwar ta koma wa mai ita. Kafin nan mai saniya ba ya zuwa karɓa, ko da yunwa za ta kashe shi. In kuwa ta mutu a hannun mai aro ba da sakacinsa ba, babu biya. Zai je ya kai labari, a yi wa juna jaje, magana ta ƙare. Kuma a gidanmu ba a taɓa jin wanda aka roƙa aron saniya yana da ita ya ce a'a ba.

A Mubi aka ajiye Bappa aiki, a can ya tara garkensa, a can aka haifi 'yarsa Nahla. Ita kaɗai Allah ya ba shi, uwarta ta rasu tun tana rarrafe. Ranar sunanta ya ware mata wata farar maraƙa, Raneye. Da maraƙar ta girma, sai wani abokinsa makiyayi mai suna Bobboyi, da ke zaune a bayan Girei, ya yi asarar shanunsa a wata annoba. Bappa ya ɗaura masa Raneye.

Raneye na can masu bindiga suka shiga Mubi a shekarar 2014. Bappa ya fito da ƙafa cikin ayarin masu gudu, Nahla a wuyansa. Da ya iso Jimeta muka duba aljihunsa, babu komai sai sirinjin allurar shanu, shi kansa bai san lokacin da ya ɗauko shi ba. Garken kuwa masu bindiga sun kora shi gaba ɗaya, makiyayin da ke tsaronsa ya tsira da sandarsa kawai. Bappa ya yi watanni a zaurenmu ba ya magana sai gaisuwa. Ko tayar Keke ce ta fashe a titi sai ka ga ya miƙe yana neman Nahla da ido.

Wata safiya muka ji kukan saniya a ƙofar gida. Bobboyi ne, ya tako da ƙafa ya haye gada, yana jan Raneye, ɗan maraƙinta na biye. Lokacin aro bai cika ba, maraƙin ma haƙƙinsa ne, amma ya haɗa duka ya miƙa igiya. Ranar na fara ganin hawayen Bappa. Daga wannan saniya garke ya sake tsirowa, ɗan kaɗan, wanda ake kiwata masa a bakin kogi. Raneye ta farko ta tsufa ta mutu, 'yar autarta ta gaji sunan, fara fat kamar uwar. Ita ce karsanar Nahla a yanzu. A tsakar gida take kwana, Nahla ke ba ta dusa da kanwa kafin ta tafi makaranta, tana yi mata hira kamar wata ƙawarta.

Abubuwa biyu Bappa ya ɗauko daga Mubi ya riƙe. Na farko, abin da ya riƙe a hannunsa an kora, abin da ya bayar aro shi ya dawo. Na biyu ya kan faɗa mini shi in muna zaune a bencin rumfata.

"Zulfa am, shanu ba ya gudu da sauri. Ni dukiya nake so wanda in an ce ga su nan, in sa shi a aljihu in ɗauki Nahla."

Hausar Bappa ta mutanen Yola ce, saniya da mace da gwamnati duk "shi" ne a bakinsa. Muna yi masa dariya, shi ma ya taya mu.

Da kuɗin sallamarsa na ritaya suka fito, bayan ya sha jeka-ka-dawo har takalminsa ya cinye, sai aka gayyace su, shi da sauran masu ritaya, wani taro a wani otal a Jimeta. Ya dawo da hular hana-sallah mai tambarin kamfani, ya ɗora ta a kan hularsa ta zanna, yana murmushi kamar ango. Wai wani ɗan kwat ne ya koya musu cinikin kuɗin ƙasashen waje a waya, abin da ake kira foreks. Ka sayi kuɗin wata ƙasa, in ya tashi ka sayar. Babu ruga, babu makiyayi, babu mai bindigar da zai kora.

"Kuma kin san abin da ya fi daɗi? In ka ajiye ɗaya, su za su ara maka ɗari. Ribar ɗarin duka naka ne, su uwar kuɗinsu kawai za su ɗauka."

"Bappa, haka kawai? Don Allah da Annabi?"

"Haɓɓanaye ne, ɓingel am, 'yata. Na tashi a taron na gaya wa yaron yadda muke yi da shanu. Ya ce haka ne daidai, Baba ya gane. Har tafi aka yi mini."

Na tambaye shi maganar kuɗin ruwa, ya ce an buɗe musu asusu na Musulmi wanda babu ruwa a ciki. Na tambaye shi in abin ya faɗi fa? Ya dube ni kamar na tambayi ko saniya na da ƙaho. Ai aro ne, in ya mutu ba da sakacinka ba, asarar mai shi ce. Ni ma a lokacin ban san komai a kai ba, na tura masa kuɗinsa inda ya ce.

Watannin farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya saya wa Nahla takalmin makaranta, ya saya mini ƙaramar fanka mai caji saboda zafin Yola da ke dafa mutum a cikin rumfar kwano, ya yi wa 'yan layi tsire. Kullum bayan walaha zai zo ya zauna a bencina, tabarau a ƙarshen hanci, yana kallon wasu layuka masu hawa da sauka. In sun yi kore ya ce damina ta sauka, in sun yi ja ya ce rani ne. Har ƙyasta musu harshe yake yi, irin yadda yake kiran maruƙa. Masu zuwa cire kuɗi su gaishe shi da "Alhaji mai dala," ya ɗaga musu hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

Ranar da abin ya fara mutuwa, da la'asar ne, ina ƙirga wa wata mata canji. Na ji ya ce "Inna lillahi," a hankali, ba irin ta mai firgici ba. Ya cire tabarau ya goge.

"Ya mutu. Zulfa, ki rubuta musu da Turanci mai kyau. Ki ce ina yi musu jaje, ba sakaci na yi ba, ina kansa har ya cika."

Na rubuta. Wallahi na rubuta jaje zuwa ga kamfani, da hannuna. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo, irin wadda na'ura ke turowa, wai suna godiya da tuntuɓarsu, kuma in ya sake zuba kuɗi a makon nan akwai garaɓasa. Muka duba asusun, babu ko sisi. Bappa ya yi ta shafa fuskar wayar yana neman nasa ɗayan da ya ajiye, don a lissafinsa na aron ne ya mutu, nasa yana nan a ɗaure.

Ina da wata ƙawa, Edna, 'yar Demsawo, tana aiki a banki, wurinta nake samun tsabar kuɗi in gari ya bushe. Ita ta warware mini abin a kan farantin shinkafa. Ta ce ɗarin nan da suke arawa ba ya taɓa mutuwa. Da zarar kasuwa ta ɗan karkace, naka ɗayan ake fara ci, kuma kafin cin ya kai ga nasu sai su rufe cinikin su janye abinsu. Ta ce a wasu ƙasashe hukuma ba ta barin a ara wa mutum irinsa wannan ninki, wasu ma sai an gwada saninka kafin a bar ka ka shiga. Na ce to mu fa? Ta ɗaga kafaɗa, ta ce kamfanin ma ba a ƙasar nan yake ba, waye zai kama.

Na kai wa Bappa wannan bayani ina tsammanin zai yi fushi da su. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Kashegari ya dawo da nasa bayanin, wanda ya kwana yana saƙawa.

"Na gane inda na yi kuskure. Yunwa ne ya kashe shi. Saniya in rani ya yi tsanani ba a sayar da shi, ba a barin shi haka. Dusa ake saya masa, da harawa, har ruwa ya sauko. Da na ƙara masa kuɗi da bai mutu ba."

Abin haushin shi ne, ta wani gefen gaskiya ya faɗa. In ka ƙara kuɗi ba sa rufewa da wuri. Kuma duk rayuwarsa abin da ya gani ke nan: wanda ya firgita ya sayar da ramammiyar saniya a watan zafi shi ke cizon yatsa da damina, mai haƙuri shi ke da garke. Bappa bai taɓa ganin ranin da bai ƙare ba. Ta yaya zan gaya masa cewa na cikin waya ba ya bin wata?

Bijimin garkensa ne ya fara tafiya kasuwar Ngurore. Bappa ya zo da kuɗin a cikin ledar burodi, suna warin kashin shanu, ya ce in tura. Na tura. Bayan ɗan lokaci wata tsohuwar saniya ta bi, ya ce dama ta daina haihuwa. Sai maruƙa biyu. Kowace tafiya da dalilinta mai kyau, kowace leda kuma dusa ce ake kai wa abin da ke cikin waya. Ya rame, ya daina zuwa majalisar bayan Magariba, a masallaci ma an ce ana sallame sallah hannunsa ke shiga aljihu. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci.

Ranar da ya kawo leda ta biyar na ce masa na'ura ba sabis. Ya ce zai jira. Wani ya zo cire kuɗi, na'urar ta yi ƙara ta fitar da takarda a gabansa. Kunya ta rufe ni, sai kawai na fito fili.

"Bappa, ba zan tura ba. Ka yi mini duk abin da za ka yi."

Ya naɗe ledarsa, ya tsallaka titi zuwa rumfar Queen da ke kallon tawa. Ina zaune ina ganinsa yana karanta mata lamba. Da yamma na same ta na zazzaga mata masifa, ta bar ni na gama.

"Abeg, Zulfa, kuɗin shi ne. In ban tura ba akwai POS goma kafin kasuwa. Ke za ki bi shi duka?"

Na koma rumfata na zauna, fankar da ya saya mini tana hura mini iska.

Bai daina zama a bencina ba, don Bappa ba ya gaba. Wata rana ana wani shiri a rediyo kan ko ya kamata hukuma ta hana talakawa shiga irin wannan ciniki, sai bakina ya suɓuce na ce da ni ce gwamnati da yau ɗin nan zan toshe shi a duk wayoyin ƙasar nan. Ya ajiye wayar a cinyarsa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ki toshe wa wa? Masu kuɗi za a bar su su yi, ko? Su suna da ilimi, mu ba mu da shi."

"Bappa, su in sun faɗi suna da wurin faɗawa."

"Lokacin da aka kora shanuna gwamnati yana ina? Da na tako daga Mubi da yarinya a wuya, wa ya tare ni ya ce Jalo kada ka yi asara? Kuɗin ritaya ya narke tun kafin a biya, buhun masara yau ba na jiya ba ne. In ajiye a banki ya narke, in sayi shanu a kora. Yanzu na samu ƙofa ɗaya, sai a ce ni yaro ne a rufe?"

Na so in ce masa ƙofar rami ce. Amma duk abin da ya lissafa a gabana aka yi shi, babu ƙarya ko ɗaya. Na zauna ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin ɗan kwat ɗin da ya sa aka tafa masa.

Nahla ce ta zo mini wata ranar Asabar da hantsi. Shekarunta sha biyar, doguwa kamar ubanta, ba ta da yawan magana. Ta tsaya a gefen rumfa tana murza bakin hijabinta har na sallami mutane.

"Adda, jiya wani dillali ya zo gida. Ya buɗe bakin Raneye yana duba haƙoranta."

"Me Bappa ya ce?"

"Ya ce aro zai yi a wurina. In damina ta sauka a waya zai saya mini biyu."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce, Adda? Babana ne."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Na san na bakin kogi sun ƙare ke nan, tunda har ido ya kai kan ta tsakar gida. Na yi tunanin liman, na tuna ya riga ya yi masa nasiha ya amsa da "to, Malam." Na yi tunanin 'yan sanda na yi wa kaina dariya, in ce musu me, mutum zai sayar da saniyar gidansa? Babu ofishin da zan je. Na rufe rumfa da rana tsaka, na hau Keke zuwa tasha, na nufi Girei.

Na sami Bobboyi a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Ya tsufa, amma garkensa ya dawo, Allah ya yi masa albarka. Na gaya masa komai, sannan na faɗi abin da ya kawo ni: ya zo ya roƙi aron Raneye. Ya ɗago ya dube ni.

"Ni ba na cikin rashi, 'yata. Wanda ya rasa shi ke roƙo."

"Na sani, Bappa Bobboyi."

"Kuma zai gane. Jalo ba ya gane mutane, amma wannan zai gane."

"Na sani."

"In ta haihu ɗan nawa ne, kin san haka? Ba zan iya mayarwa ba wannan karon, in na mayar ya zama wasa muka yi masa."

Na ce Nahla ta rasa ɗa ya fi ta rasa uwa. Ya ci gaba da tufkarsa, can ya ce in tafi, zai zo.

Da sassafe ya iso ranar Litinin, ni ma na ƙirƙiri dalilin shiga gidan. Aka shimfiɗa tabarma, Nahla ta kawo shayi. Suka gaisa da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, gida da shanu da jiki da zafi. Raneye na ɗaure a turkenta tana tuƙa. Sai Bobboyi ya ajiye kofi, ya dubi ƙasa, ya ce ya zo ne a ɗaura masa karsanar nan.

Bappa bai dubi Bobboyi ba, ni ya duba. Na sunkuyar da kai ina wasa da zoben hannuna. Wayarsa na kan tabarma a gefensa, ina hango jan layin daga inda nake. Ya san garken Bobboyi, shi ya yi musu allura bara. Kalma ɗaya ce za ta raba, ya ce an riga an yi ciniki, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ya tashi, ya je turke ya kwance igiyar da kansa. Ya shafa wuyan karsanar, ya duba idonta da kofatonta kamar yadda ya saba, ya kawo ya damƙa a hannun Bobboyi.

"Allah ya sa albarka. Yana son kanwa da safe."

Ya juya wajen Nahla ya ce in dillali ya zo da azahar ta ba shi haƙuri. Da zan fita ya kira sunana, murya ƙasa-ƙasa, babu faɗa a ciki.

"Zulfa am, gwamnati bai hana ni ba. Ke kin hana."

Kafin ƙarshen makon aka rufe cinikin, komai ya tafi. Bai sa ni rubuta jaje ba wannan karon. Na ce a raina to, an yi an gama, za a sha zafi a warke, ga Raneye can tana kiwo. Har barci na samu.

Mako bai zagayo ba ya zo rumfata ya miƙo mini wayar. Layin nan da ya yi watanni yana gangarowa ya juya. Kore ne shar, yana hawa, ya wuce inda Bappa ya shiga, ya ci gaba. Da kuɗin Raneye sun shiga, da cinikin ya rayu har ya kai wannan rana, da bijimin da maruƙan da duk sauran sun dawo har da ƙari.

"Na gaya miki damina yana zuwa," ya ce. Ya karɓi wayarsa ya zauna a benci.

Na kira Edna. Ta ce haka abin yake, da zai iya ci gaba da faɗuwa ya cinye har gidan, babu wanda ya sani, sa'a ce kawai. Na yarda da ita. Amma ba ita ke zaune da shi kullum ba. Bappa bai taɓa zagina ba, bai daina gaishe ni ba, ranar da rufin rumfata ya yaye shi ya hau ya buga. Sai dai yanzu ya tabbata cewa hanyarsa daidai ce, abin da ya kashe shi kawai an hana shi dusa ne a ƙarshen rani. Ni kuma har yau in na kwanta ina juya abin, wata rana in ga na ceci saniya, wata rana in ga na kashe garke.

Fanshonsa na wata ba ya kai komai, amma yana gutsurar kaɗan ya kai wa Queen. Duk ranar Juma'a bayan masallaci yakan hau mota zuwa Girei duba Raneye, wani lokaci da Nahla. Tana dawowa da murna, ta ce Baba ya shafa cikin Raneye ya daɗe yana saurare. Ban san abin da yake saurare ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne ranar da aka yaye ɗanta igiya za ta dawo hannunsa, kuma ba a roƙon aron saniya ɗaya sau biyu.

Jiya da hantsi ya iso rumfata da sauri, fuskarsa a washe irin yadda na rabu da gani tun ranar hular kamfani.

"Albishirinki, Zulfa! Raneye ya ɗauki ciki. Na duba da hannuna."

Masu jiran layi suka yi ta yi masa barka. Ni ma na ce Allah ya raba lafiya, don abin da ake cewa ke nan. Ya zauna a benci, ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci, ya ciro waya. Na juya baya kamar ina neman takardar na'ura. Ni Zulfa, jikar masu shanu, wadda aka yi wa wanka da nono ranar suna, wata da watanni ke nan duk sujada ina roƙon Allah kada saniyar Nahla ta haihu, kuma ba a amsa mini ba.